Kura da shan bugu: nazarin lamarin Stephen Keshi daga Damagaram

A daren Lahadi, 10 ga Fabrairu 2013, bayan an idar da sallar magariba, wani gidan kallo da ke unguwar Zango a nan Damagaram ya cika har bakin ƙofa, waɗanda ba su sami benci ba suka tsaya a baya suna leƙe ta saman kafaɗun juna. A waje ana sanyin hunturu, a ciki kuwa gumi ake yi. Najeriya da Burkina Faso ne ke buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a birnin Johannesburg, kuma ɗakin ya rabu gida biyu: wasu na bayan Burkina saboda maƙwabtaka da kuɗi ɗaya da muke kashewa, wasu na bayan Najeriya saboda hanyar Kano da dangi da kasuwa. Kusa da ni akwai wani dattijo wanda ya daɗe yana horar da yaran unguwa a wani filin yashi, ba tare da kowa ya biya shi ko dala ba, kuma na lura duk sa'ad da aka nuno bencin Najeriya sai ya gyara zama. A minti na 40 ƙwallo ta faɗo gaban Sunday Mba, ya ɗaga ta da ƙafar dama ta tsallake kan mai tsaron baya, kafin ta taɓa ƙasa ya ɗirka ta da hagu cikin raga. Ɗaki ya kaure da ihu, amma dattijon bai tashi ba. Ya dafa gwiwata ya ce, "Yaro, wannan fa a gida yake wasa, ba a Turai ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "To, ni wanda ya ɗauko shi nake kallo."

Wanda ya ɗauko shi ɗin shi ne Stephen Okechukwu Keshi. Da wannan ƙwallo ɗaya ya zama mutum na biyu a tarihi da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa kuma ya sake cin sa yana mai horarwa, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar wanda ya yi haka a 1959 da 1998. Kashegari sai labari ya bazu cewa ya ajiye aiki. Abin da wannan nazari ke bi shi ne yadda aka yi mutumin da ya kai ƙasa biyu gasar cin kofin duniya, ya kuma dawo wa ƙasarsa da kofin da ta shekara 19 tana nema, kusan ko'ina ya yi aiki da takardar sallama ya fita, da kuma nawa ne daga cikin wannan ke wuyan masu riƙe da hukumomin ƙwallo, nawa ne ke wuyansa.

An haifi Keshi ranar 23 ga Janairu 1962, danginsa ƴan garin Illah ne a jihar Delta ta yau, a Legas ya yi karatun sakandare ya kuma fara wasa da ƙungiyar ACB. Sunansa ya fito ne a ƙungiyar New Nigeria Bank ta birnin Benin, wadda ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Mai tsaron baya ne na tsakiya, mai jiki, mai murya, irin wanda ke tsara na gabansa yana wasa. Yana da shekara 22 ya jagoranci Najeriya zuwa wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1984 a Abidjan, inda Kamaru ta ci su 3 da 1. Ba da daɗewa ba hukumar ƙwallon ƙasarsa ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa na ƙungiyar bankin saboda sun makara zuwa sansanin horo. Wannan hukunci ne ya fitar da shi daga Najeriya, kuma a ganina shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya, mai kyau da marar kyau. Ya tafi Kwaddibuwa ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, daga nan ya haye Beljiyam a 1986, ya shekara ɗaya a Lokeren kafin Anderlecht ta ɗauke shi. A can ya ci kofin ƙasa sau biyu, ya ci gasar ƙasa a 1991, ƙungiyar ta kuma kai wasan ƙarshe na ɗaya daga kofunan Turai a 1990, Sampdoria ta Italiya ta doke ta. Daga baya ya koma Strasbourg a Faransa, ya taimaka mata ta hau rukunin farko a 1992.

Kofunan ba su ne abin lura a nan ba. A wannan zama ya iya Faransanci, abin da ya buɗe masa ƙofar Lome da Bamako shekaru bayan haka, domin mu a nan mun san abin da ake nufi da a ce ɗan Najeriya yana iya zama da ƴan wasa ya yi musu faɗa ba tare da tafinta ba. Sannan gidansa a Beljiyam ya zama masauki. Yaran Afirka ta Yamma da yawa ta hannunsa suka sami shiga Turai, cikinsu har da Nii Lamptey na Ghana wanda ya kai Anderlecht yana ɗan yaro. Wanda ya saukar da kai a gidansa, ya ciyar da kai, ya kai ka gaban mai ba ka aiki, ko a fili kuka haɗu ba za ka ɗaga masa murya ba. Daga nan laƙabin Big Boss, wato babban maigida, ya bi shi, kuma a zamanin da Clemens Westerhof ɗan Holan ke horar da Najeriya an sha cewa Keshi na da baki a kan wanda za a kira da wanda za a bari. A 1994, lokacin da Najeriya ta ci Zambiya 2 da 1 a Tunis ta ɗauki kofi, rauni da shekaru sun riga sun rage masa wasa, a gasar duniya ta Amurka ma wasa ɗaya ya buga, da Girka. Amma shi ne kyaftin ɗin tawaga. Ma'ana tun kafin ya rataye takalma ya riga ya saba da tafiyar da mutane daga gefen fili.

Bayan ya yi karatun horarwa a Amurka, ya dawo a matsayin mataimaki. Yana kan benci tare da Bonfrere Jo a 2000 lokacin da Kamaru ta ɗauke kofi a Legas da bugun fenariti. A 2001, da neman gurbin gasar duniya ya kusa kuɓuce wa Najeriya, aka miƙa aikin ga Shaibu Amodu, Keshi na mara masa baya, suka ceto tikitin. Sai suka zo na uku a kofin Afirka na 2002 a Mali, aka sallame su duka, aka ba Festus Onigbinde tawagar ya tafi da ita Koriya da Japan. Wannan shi ne karo na farko da Keshi ya yi noma wani ya zo ya girbe.

Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ne zuciyar wannan lamari. Togo ta ɗauke shi a 2004. Ƙaramar ƙasa ce wadda ba ta taɓa wuce zagayen rukuni a kofin Afirka ba a lokacin, an kuma jefa ta rukuni ɗaya da Sanagal wadda ta kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 2002, da Mali, da Zambiya, da Kwango, da Laberiya. Wasan farko Zambiya ta ci ta 1 da nema. Daga nan ba a sake cin ta ba har aka gama: ta doke Sanagal 3 da 1 a Lome, ta je Dakar ta riƙe ta 2 da 2, ranar 8 ga Oktoba 2005 kuma ta je Brazzaville ta ci Kwango 3 da 2, ta ƙare da maki 23, Sanagal na da 21. Emmanuel Adebayor, wanda a lokacin yake Monaco, ya ci ƙwallo 11 a wasannin neman gurbin, ya fi kowa a Afirka. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Keshi gwarzon mai horarwa na 2005.

Wata uku bayan Brazzaville komai ya rushe. A kofin Afirka na 2006 a Masar, Adebayor bai fara wasan farko da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ba, rigima ta fito fili tsakaninsa da mai horarwa, har ɗan wasan ya zargi Keshi a bainar jama'a da neman ya zama dillalinsa. Togo ta sha kashi a wasanni uku: 2 da nema, 2 da nema, 3 da 2. A watan Fabrairu aka sallami Keshi aka kawo Otto Pfister, Bajamushe wanda ya daɗe yana aiki a Afirka, saura wata huɗu a fara gasar duniya a Jamus. Abin da ya faru a can sananne ne: rikicin kuɗin alawus ya tashi tsakanin ƴan wasa da hukuma, Pfister ya ajiye aiki kwanaki kafin wasan farko sannan ya dawo, Togo ta sha kashi a hannun Koriya ta Kudu da Suwizalan da Faransa.

Ya kamata a yi adalci a nan. Mai horarwar da ya faɗi wasa uku a jere, ya kuma ɓata da ɗan wasan da ya ci masa kusan rabin ƙwallayensa, ya ba masu neman korarsa hujja da hannunsa. Hukuma ta ga cewa dole ɗaya ya tafi, kuma ba za ta iya sayo wani Adebayor a kasuwa ba. Sai dai rikicin Jamus ya nuna cewa ciwon yana wani wuri, domin wanda aka kawo ya tarar da abin da ya fi ƙarfinsa shi ma, kuma a shekarar da ta biyo baya Togo ta koma ta nemo Keshi. Da a ce rashin iya aiki ne ya sa aka kore shi, da ba a sake buga masa waya ba.

Dalilin da ya sa labarin nan ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Damagaram shi ne mun gan shi da idonmu a gida. Harouna Doula ne ya kai Mena, tawagar ƙasarmu Nijar, kofin Afirka a karon farko. A rukunin da ya haɗa mu da Masar mai riƙe da kofi sau uku a jere, da Afirka ta Kudu, da Saliyo, Mena ta ci duk wasanninta uku na filin Seyni Kountché a Yamai, farawa da 1 da nema da Moussa Maazou ya ci Masar a Oktoban 2010, ta kuma faɗi duk na waje. A ranar ƙarshe Masar ta ci mu 3 da nema a Alƙahira, ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo suna ta rawa a fili a zaton sun wuce, alhali ƙa'ida ta ce idan maki ya zo ɗaya sakamakon karawa tsakanin ƙasashen ake dubawa, kuma Nijar ce a sama. Doula ya zama gwarzon mai horarwa na Afirka na 2011. Kafin a tafi gasar aka haɗa shi da Rolland Courbis, Bafaranshe, a matsayin mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci mu 2 da nema a wasan farko, ragamar ta koma hannun mai ba da shawarar. Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko 1 da nema. Wanda ke kan bencin Gabon a wannan wasan na farko, Gernot Rohr, shi ne ya zo ya karɓi Mena a cikin shekarar, ya kai ta gasar 2013, inda ta sami makinta na farko da canjaras ba ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma a fadojin matasa na garin nan an yi ta maimaita wannan karin magana a kan Doula kamar yadda aka yi ta a Lome a kan Keshi.

Zaman Keshi a Mali, daga 2008 zuwa farkon 2010, ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da Seydou Keita da Frédéric Kanouté da Mahamadou Diarra, amma bai wuce rukuni ba a gasar Angola. Abin da ake tunawa shi ne wasan buɗe gasa a Luanda, inda mai masauki ta kai 4 da nema saura kusan minti 15, Mali ta farke duka aka tashi 4 da 4. Aljeriya ta ci su, suka ci Malawi, aka fitar da su, aka sallame shi. Wannan sallama ba ta da wani abin ƙorafi.

Najeriya ta kira shi a Nuwamban 2011 tana cikin halin ƙunci, bayan canjaras 2 da 2 da Gini a Abuja ya hana ta zuwa kofin Afirka na 2012 a ƙarƙashin Samson Siasia. A nan ne ya kamata a tsaya a dubi yadda aikin horar da ƙasa yake, domin ya sha bamban da na ƙungiya. Mai horar da ƙungiya yana tare da yaransa kusan kullum, yana iya gyara yadda mutum ke tsayawa da yadda yake ba da ƙwallo. Mai horar da ƙasa kuwa aron ƴan wasa yake yi na ƴan kwanaki a lokutan da hukumar ƙwallon duniya ta ware, su sauko daga jirgi a gajiye, a yi atisaye biyu ko uku, a buga, su koma. Ba shi da lokacin koya wa kowa ƙwallo. Abin da ke hannunsa shi ne ya san wanda zai kira, ya san wanda zai bari, ya kuma sa waɗanda ya kira su yarda da juna. Keshi ya gane cewa akwai rukuni ɗaya da zai iya samu na tsawon makonni: masu wasa a gasar cikin gida. Cikin 2012 ya riƙa tara su a sansani a Abuja yana buga wasannin sada zumunta da su, yana tacewa. Da lokacin zaɓen mutum 23 ya zo, bayan sansanin ƙarshe a Faro ta ƙasar Fotugal, shida daga cikinsu ƴan gida ne, ya kuma bar manyan sunaye irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins. Jaridu suka yi masa ca.

Farkon gasar bai ba shi gaskiya ba. Burkina ta farke a daƙiƙun ƙarshe aka tashi 1 da 1, Zambiya ma haka, Habasha kuwa sai a ƙarshen wasa Victor Moses ya ci ta da fenariti biyu. Amma a cikin waɗannan wasanni ya yi abin da ba kowane mai horarwa zai iya ba: kyaftin Joseph Yobo, wanda ya fi kowa daɗewa a tawagar, ya koma benci, tsakiyar baya ta zauna a hannun Godfrey Oboabona na Sunshine Stars da Kenneth Omeruo wanda bai kai shekara 20 ba. Tsohon mai tsaron baya ne ya dubi yara biyu ya ga abin da wasu ba su gani ba, kuma tsohon kyaftin ne wanda shi ma ya taɓa ɗaga kofi daga benci, saboda haka ya san yadda ake gaya wa babba ya zauna ba tare da an ci masa fuska ba. A Rustenburg aka haɗa su da Kwaddibuwa ta Didier Drogba da Yaya Touré, wadda kowa ya ba kofin tun kafin a fara. Emmanuel Emenike ya ci, Cheick Tioté ya farke, a minti na 78 Sunday Mba ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili ya kutsa ya buga, ta goge jikin mai tsaron baya ta shiga. Mali, tsohuwar tawagarsa, ta sha 4 da 1 a Durban. Sai daren da na fara da shi.

A farkon wannan shekara Keshi ya yi wata magana da ta zagaya nahiyar, inda ya nuna cewa wasu Turawan da ake kawowa kuɗi kawai ke kawo su, kuma ba su yin wani abin da ɗan ƙasa ba zai iya ba, ya kuma bayyana cewa ba ya ƙin a kawo gwani na gaske, abin da yake ƙi shi ne a kawo wanda bai kai ba a ɗora shi a kan na gida. A hanyarsa ta zuwa kofi ya doke Kwaddibuwa da Mali waɗanda Faransawa ke horarwa, da Burkina wadda ɗan Beljiyam Paul Put ke riƙe da ita. Murabus ɗin da ya sanar a wani gidan rediyo na Afirka ta Kudu kwana ɗaya bayan nasara ya samo asali ne daga yadda ya ce jami'an hukuma sun yi da shi a tsakiyar gasa, lokacin da ba su yi zaton zai wuce Kwaddibuwa ba. Ministan wasanni na lokacin, Bolaji Abdullahi, ya sa baki ya janye. Duk da haka, kafin shekarar ta ƙare an ji yana bin bashin albashi na watanni, shi da aka sake zaɓa gwarzon mai horarwa na Afirka.

A 2014 ne a ƙarshe ya tafi gasar duniya da tawagar da ya samo wa gurbi, bayan ya fitar da Habasha gida da waje. A Barazil ya yi canjaras ba ci da Iran, ya ci Bosniya 1 da nema ta ƙafar Odemwingie wanda suka shirya ya dawo da shi, Ajantina ta ci shi 3 da 2 a wasan da Ahmed Musa ya zura biyu. Wannan ya ishe shi ya zama ɗan Afirka na farko da ya fitar da tawaga daga rukuni a gasar duniya. Kafin wasa da Faransa ƴan wasa suka ƙaurace wa atisaye kan kuɗin alawus, irin ciwon nan na Togo, kuma ranar 30 ga Yuni a Brasília suka riƙe wasa har minti na 79 kafin Paul Pogba ya ci da ka, Yobo ya ci gida a ƙarshe.

Daga nan kuma laifin ya fara rabuwa biyu, kuma ba zan ɓoye nasa kason ba. Halin da ya ba shi kofi, wato taurin kai a kan zaɓe, shi ne ya juyo ya cije shi. Ya bar Ikechukwu Uche a gida lokacin da yake cin ƙwallaye a Villarreal ta Sifaniya, tawagar kuma ta je Barazil tana fama da ƙarancin mai ci. Sunday Mba kansa bai shiga jerin ƙarshe ba. Na tuna na tarar da dattijon nan a filinsa da la'asar, yana jera duwatsu a madadin turakun raga, na ce masa, "Baba, ka ji an bar yaronka?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce ya ji, ya ci gaba da jera duwatsunsa. A neman gurbin kofin Afirka na 2015, mai riƙe da kofi ta sha 3 da 2 a hannun Kwango a Calabar, ta yi canjaras da Afirka ta Kudu, Sudan ta ci ta a Khartoum. A lokacin Keshi na aiki ba tare da sabuwar yarjejeniya ba, hukumar kanta kuma na cikin rikicin shugabanci. An sallame shi a tsakiyar Oktoban 2014, sa'o'i bayan ya ci Sudan 3 da 1 a Abuja, aka naɗa Amodu, makonni biyu bayan haka aka mayar da shi bisa sa bakin shugaban ƙasa Goodluck Jonathan. Canjaras 2 da 2 da Afirka ta Kudu a Uyo ya rufe ƙofar. Mai horarwar da fadar shugaban ƙasa ta mayar a kan hukumar da ba ta son sa, zamansa na ɗan lokaci ne, kuma Jonathan ya faɗi zaɓe a Maris na 2015. An ba Keshi yarjejeniyar shekara biyu a Afrilu, a farkon Yuli aka soke ta bayan sunansa ya fito cikin masu neman aikin horar da Kwaddibuwa, aka naɗa Sunday Oliseh.

Idan aka auna duka, abin da na gani shi ne Keshi ya gina ikonsa a kan amana tsakanin mutum da mutum, irin ta maigida da yaransa, wadda ya koya tun a masaukinsa na Beljiyam. Wannan hanya tana aiki sosai a kan yaron da ke neman a ba shi dama, irin Mba da Oboabona da yawancin ƴan Togo na 2005. Tana karyewa idan ta haɗu da tauraron da ya riga ya fi ƙarfin a yi masa maigida, tana kuma karyewa a gaban jami'an ofis waɗanda ya raina tun dakatarwar da aka yi masa yana saurayi, bai kuma taɓa ɓoye rainin ba. Su kuma hukumomin sun saba ɗaukar ɗan gida a lokacin da asusu ya bushe ko jama'a suka fusata, a kan albashin da ba a biya a kan kari, da yarjejeniyar da ake iya yagewa a kowane dare, sai tikiti ya zo hannu a fara tunanin cewa babban taro na buƙatar baƙo. Abin ya ɗan sauya bayansa. Djamel Belmadi ya ci wa Aljeriya kofi a 2019, Sanagal ta yi haƙuri da Aliou Cissé tun daga 2015 har ya kawo mata kofinta na farko a Fabrairun 2022, Walid Regragui ya kai Maroko wasan kusa da ƙarshe a gasar duniya ta Qatar, Emerse Faé ya karɓi Kwaddibuwa a tsakiyar gasa a farkon 2024 ya ci kofi. Dukansu tsofaffin ƴan wasan ƙasashensu ne. Na Cissé ne ya fi kusa da abin da aka hana Keshi, wato shekaru a jere a kan kujera ɗaya, har da damar faɗuwa a wasan ƙarshe a 2019 a kuma bar shi ya sake gwadawa.

Matar Keshi, Kate, ta rasu a Disamban 2015. Shi kuma ya bi ta ranar 7 ga Yuni 2016 a birnin Benin, yana da shekara 54, ba ya riƙe da aikin kowace ƙasa. Kwanaki kaɗan bayansa Shaibu Amodu, wanda aka kore su tare a 2002, shi ma ya rasu a wannan birni. An binne Keshi a Illah, babban filin wasa na Asaba kuma yana ɗauke da sunansa. A watan Agusta na wannan shekara hukumar ƙwallon Najeriya ta sanar da sabon mai horarwa, sunan da mu a Nijar ba mu buƙaci a gabatar mana da shi ba: Gernot Rohr, wanda ya zauna a kan kujerar har zuwa Disamban 2021.